Tambaya da Amsa: Tun da Suka Yi Suna Waƙarsu Ta Fita Raina

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina so in kawo maka wata damuwa da na daɗe ina jin nauyin furta ta, domin ina tsoron a ce ƙaramar magana ce, ko kuma a ce hassada ce take cin raina. Kimanin shekara bakwai da suka wuce akwai wasu samari huɗu a unguwarmu da suke waƙa tare. Karo-karo suke yi su biya wani ɗan ƙaramin situdiyo da ke bayan shagon wani tela, kuma sau da yawa sai tsakar dare suke ɗaukar murya, lokacin da aka kawo wuta unguwa kuma ta yi tsit. Waƙoƙinsu a kan rayuwarmu suke: saurayin da ya gama karatu yana yawo da takardu, ɗan acaɓan da aka ƙwace masa babur, uwar da take tuyar ƙosai don ta biya kuɗin makaranta, da daren da Kogin Kaduna ya cika ya shiga gidajen mutane. Babu gidan rediyon da yake sa su a lokacin. Mu ne muke tura wa juna waƙoƙin ta Bluetooth da Xender, kuma na taɓa bin su har Kawo saboda wani wasa da bai tara mutum hamsin ba.

Yanzu Allah ya ɗaukaka su. Sun koma Abuja da zama, suna da manaja, kamfani ya ɗauke su, kuma babu shagon cajin waya ko gidan biki ko Keke Napep da ba za ka ji muryarsu ba. Ni kuwa tun daga lokacin sai waƙarsu ta fita raina. Ba na iya sauraron sabuwar waƙarsu har ƙarshe, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko tsofaffin da na haddace ba sa taɓa ni kamar da. Abokaina suna cewa baƙin ciki nake yi da ci gabansu, alhali Allah ya sani alheri nake yi musu fata. Malam, su ne suka canza ko ni ne? Kuma ya kamata in ci gaba da tilasta wa kaina sauraronsu saboda tsohuwar amana, ko in haƙura?

Ɗanka, mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna.

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗana. Maganarka ba ƙarama ba ce, domin abin da mutum ya so shekara bakwai, ya haddace shi, ya taka ƙafa dominsa, idan ya wayi gari ya ji babu shi a zuciyarsa, to lalle ya yi rashi, kuma kowane rashi da irin ciwonsa. Game da zargin abokanka kuwa, malamanmu sun ce hassada ita ce mutum ya yi fatan ni'imar da Allah ya yi wa ɗan'uwansa ta gushe, ni kuma ban ga wannan a wasiƙarka ba. Ba ka ce kana so kamfani ya sallame su ba, ba ka ce kana so su dawo bayan shagon tela suna jiran wuta ba. Abin da ka ce shi ne kunnenka ya daina jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, saboda haka ka sauke wannan nauyin daga kanka.

Amma kada ka yi gaggawar ɗora musu laifin duka, domin akwai jumla ɗaya a wasiƙarka da na daɗe ina dubawa, wato inda ka ce ko tsofaffin waƙoƙin ba sa taɓa ka. Waɗannan waƙoƙi suna nan yadda aka ɗauke su a wancan dare, manaja bai ƙara musu komai ba, kamfani bai rage musu komai ba. Idan sun daina ratsa ka, to wani sashe na canjin a wajenka yake, kuma daga nan ya kamata mu fara.

A ranar da kuka taru a Kawo ku ƙasa da hamsin, da ba ka je ba da an ga gurbinka, kuma wataƙila da ɗaya daga cikin samarin ya tare ka washegari ya tambaye ka ko lafiya. Kai ne mai kai labarinsu inda ba a san su ba, kai ne wanda ake tambaya ko akwai sabuwa, kuma duk wanda ka haɗu da shi ya san baitocinsu, nan take kun zama kamar 'yan gida ɗaya. Yau kai ɗaya ne a cikin dubbai, zuwanka da rashin zuwanka duk ɗaya ne ga mai karɓar kuɗin ƙofa. Wannan matsayi da ka rasa yana da daɗi ƙwarai, kuma ya cakuɗa da daɗin waƙar har ba ka iya raba su a lokacin. Babu abin kunya a cikin son matsayi irin wannan, domin ɗan Adam yana son ya kasance inda aka san da zamansa. Ka ƙara da cewa waƙa tana riƙe lokacin da aka fara jin ta: majalisar da kuke zama, abokan da yanzu wasu sun yi aure, wasu sun tafi neman abinci Legas ko Fatakwal, da kai kanka lokacin da ba ka da nauyin kowa. Idan ka kunna tsohuwar waƙar yau, ita kaɗai take zuwa, ba ta zuwa da mutanen.

Ina faɗa maka wannan ne a matsayin wanda abin ya taɓa faruwa da shi. A ƙarshen shekarun 1980 akwai wani mai kukuma da yake wasa daren Alhamis a wani fili kusa da Kasuwar Barci, kuma mu 'yan kaɗan ne muke zama har ya tashi. Da aka fara sa shi a rediyo, ana zaɓen waƙarsa a shirin gaishe-gaishe, sai na tsinci kaina ina cewa hannunsa ya mutu. Sai bayan shekaru, da na sami kaset ɗinsa na wancan lokaci na saurare shi a natse, na gane cewa hannunsa ƙaruwa ma ya yi, kuma abin da na rasa shi ne tabarmar da nake zama a kanta kusa da ƙafarsa. Har yau ina jin ciwon hukuncin da na yanke masa, domin na faɗa wa mutane da yawa, kuma wasu sun yarda da ni.

Abin bai tsaya a kanmu ba. A Amurka akwai wani ƙaramin zauren wasa a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, a lamba 924 kan titin Gilman, wanda dokarsa ita ce ba ya karɓar ƙungiyar da babban kamfani ya ɗauka. A nan ƙungiyar mawaƙa ta Green Day ta tashi, kuma da ta sa hannu da babban kamfani ta fitar da faifan da ya yi mata suna a 1994, sai ƙofar zauren ta rufu a gare ta, ba ta sake hawa dandalinsa a hukumance ba sai a 2015. Tun kafin wannan, a 1965, wasu daga cikin masoyan mawaƙin Amurka Bob Dylan sun yi masa ihu a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport saboda ya hau dandali da jita mai amfani da lantarki. A duka biyun, waɗanda suka fi jin zafi su ne masoyan farko, irinka.

Akwai kuma gajiyar kunne, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum, kuma kunne ma haka yake. Waƙar da kai ne kake zaɓar lokacin jin ta, da dare, da abin sauraro a kunne, daban take da wadda ake ɗura maka ita daga lasifikar shagon caji tun safe, a ɗura maka a mota, a ɗura maka a gidan biki, har amshinta ya zame maka kamar ƙarar injin markaɗe.

Duk da haka ba zan ce maka kunnenka ƙarya yake yi game da sababbin waƙoƙin ba, domin mafi yawan lokaci waƙa tana canzawa da gaske idan suna ya zo, kuma mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tunda mun daɗe da sanin cewa kowane makaɗi yana da ubangida. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, Sarkin Gobir na Isa Amadu shi ne ubangidansa, shi yake ba shi doki da riga da hatsi, kuma saboda haka fadar Isa ce cibiyar waƙoƙinsa. Makaɗan noma suna yi wa manoma, makaɗan dambe suna yi wa 'yan dambe, makaɗan fawa suna yi wa mahauta, kowa yana fuskantar hannun da yake ciyar da shi, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin abin kunya. Abin da ya faru da samarinku shi ne ubangida ya canza. A da ku ne iyayen gidansu, ku mutanen Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi, waɗanda idan an ambaci wani lungu kun san shi, idan an yi habaici kun san inda ya dosa. Yau ubangidansu shi ne kamfanin da ya zuba kuɗi yana jiran riba, da mai bikin da yake so amarya ta taka rawa, da mai tallar da ba ya so a ɓata wa kowa rai, da kuma manhajojin waya waɗanda suke da tasu ƙa'idar. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Bari in tsaya a kan manhajojin nan, domin su ne ubangidan da ba a gani, kuma sun fi sauran iko. A Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, ba a lissafa cewa an saurari waƙa sai mai sauraro ya kai sakan 30 yana jin ta. A TikTok kuwa ɗan guntun waƙa ne yake yawo, wanda za a iya yi masa rawa ko a motsa baki da shi. Mawaƙin da ya san haka ba zai ƙara buɗe waƙa da doguwar shimfiɗa ba, zai jefo amshi tun farko, ya gajarta baiti, ya maimaita layin da ya fi kama kunne. Labarin ɗan acaɓa da aka ƙwace masa babur yana buƙatar baiti huɗu ko biyar kafin ya kai ga inda zai sa mutum hawaye, wannan kuwa tsawo ne da kasuwar yau ba ta da haƙurinsa. Haka kuma idan ana so a ji su a Legas da Akara da Yamai, sai a rage kalmomin unguwa, a ƙara Turanci da Buroka, a goge muryar da na'ura har ta yi sumul, wannan ɗan kaushin da kake so ya tafi. Idan ka ce sabuwar waƙarsu ba ta da gishirin tsohuwa, mai yiwuwa ne ƙwarai gaskiya ka faɗa.

Akwai wani dalili da ba a cika kula da shi ba. Waƙoƙin farko na kowane mawaƙi tarin shekaru ne: duk abin da ya gani tun yana yaro, duk wulaƙancin da ya haɗiye, duk maganar da ya ji a bakin kakarsa, su ne yake zubawa a ciki, kuma babu mai tsaye a kansa da agogo. Da zarar suna ya zo, ana son sabuwa duk bayan 'yan watanni, shi kuma rayuwarsa ta koma otal da filin jirgi da bayan dandali. Rumbun da aka cika a shekara ashirin ana so a sake cika shi a damina ɗaya. Kuma ka yi musu adalci a nan: da za su ci gaba da rera yunwa da neman aiki alhali suna zaune a gida mai ruwa da wuta a Abuja, kai ne za ka fara jin ƙaryar a cikin muryarsu.

Yanzu zan yi maka tambaya mai nauyi, kuma don ina ƙaunarka nake yin ta. A cikin shekarun nan da kake tura waƙoƙinsu ta Bluetooth, nawa ne ya fita daga aljihunka ya shiga nasu? Ba kai kaɗai ba, dukanmu haka muke yi. Mai shagon tura waƙa a kasuwa yana karɓar kuɗinsa ya cika maka memori, amma ko sisi ba ya kaiwa ga wanda ya yi waƙar. Tura-turar nan tana da amfani wajen yaɗa suna, kuma misalinta a kusa da mu shi ne Mdou Moctar, mai jitar nan Buzu ɗan Jamhuriyar Nijar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara har suka kai kunnen masu kamfani a Amurka. Amma suna shi kaɗai ba ya sayen buhun masara. Ko a YouTube, kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha, hanyar da aka fi sani ita ce ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda, ƙungiyar da masoyanta hamsin ne kuwa yaushe za ta kai wannan? Samarin nan suna da iyaye da suke tsufa, suna da ƙanne a makaranta, suna son su yi aure kamar kowa. Sau nawa muka ga an fito da tsohon mawaƙi ko ɗan wasa a kafafen sada zumunta yana kwance ba lafiya ana nema masa taimako, mutumin da ƙasa duka ta haddace muryarsa? Wanda ya ga wannan ba zai so wa wanda yake ƙauna ya dawwama a bayan shagon tela don kawai waƙarsa ta ci gaba da yi masa daɗi ba. Kun ba su kunne da zuciya, kuma wannan babban abu ne, amma wani ya zo ya ba su abinci, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Inda zan tsaya tare da kai ba tare da ja da baya ba shi ne idan askin ya kai ga yanke gaskiya. Mawaƙin da ya yi suna da kukan talaka, sannan lokacin zaɓe ya karɓi kuɗi ya wasa wanda jiya yake kuka da shi, ya gaya wa mutanen da suka yarda da shi cewa baƙi fari ne, wannan ya ci amana, kuma mai sauraro yana da haƙƙin juya masa baya. Haka wanda ya watsar da 'yan amshinsa da mai situdiyon da ya yi ta ɗaga masa ƙafa a kan bashi, ko ya ɗauki baitin abokinsa ya sa sunansa. Mun ga irin wannan a kakar zaɓe ta 2015 da 2019 da 2023, kuma yana ƙona mini rai duk lokacin da na gani. Sai dai ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan game da samarinku ba, saboda haka kalmar cin amana ta yi musu nauyi, kada ka bari ta fito daga bakinka.

Kada kuma ka ɗauka cewa yin suna da lalacewa tagwaye ne. Alhaji Mamman Shata ya kai inda babu makaɗin Hausa da ya wuce shi a suna, Rediyon Kaduna ya kai muryarsa ko'ina ake jin Hausa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma har ya rasu a 1999 kalangunsa bai zama abin raini ba. Hajiya Barmani Choge ta ɗauko kiɗan ƙwarya daga tsakar gida, inda mata kaɗai suke jin sa a biki da suna, ta kai shi dandali da talabijin, kuma da ba ta yi haka ba da yawancinmu ba mu san zurfin hikimar da ke cikin amada ba. A 2006 wasu masu bincike na Jami'ar Kolumbiya a Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum fiye da 14,000 da waƙoƙi 48 na ƙungiyoyin da ba a sani ba. Sun raba mutanen rukuni-rukuni, wasu suna ganin yawan waɗanda suka sauke kowace waƙa a rukuninsu, wasu ba sa gani. A rukunan da ake gani, waƙar da ta fara samun 'yan masoya sai ta yi ta tserewa sauran, kuma wadda ta zo kan gaba a wannan rukuni tana iya zama tsaka-tsaki a wancan, ko da yake mafiya kyau da wuya su faɗi ƙasa warwas, mafiya rauni kuma da wuya su hau sama. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne yawan jama'a ba hujja ba ce a kan kyan waƙa, ba kuma hujja ba ce a kan muninta. Wanda ya so waƙa don kowa yana son ta, da wanda ya ƙi ta don kowa yana son ta, dukansu sun ba taro aron kunnensu.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi. Ka ajiye tsofaffin waƙoƙin wata uku ko huɗu kada ka taɓa su, domin kunne ya huta. Sababbin kuma kada ka yi musu hukunci da wadda ake bugawa a shagon caji, tunda ita don kasuwa aka yi ta. Ka nemi kundin gaba ɗaya ka saurare shi kai kaɗai da dare, musamman waƙoƙin da suke can ƙarshe waɗanda ba a yi musu bidiyo ba, domin a nan mawaƙa da yawa suke ɓoye abin da suka yi don kansu. Yayin da kake saurare ka tambayi kanka, da a ce wasu yara ne da ba a sani ba daga Rigasa suka miƙo maka wannan waƙar, za ka so ta? Idan amsar e ce, to matsayinka kake kewa, kuma sanin haka kaɗai yakan dawo da rabin daɗin. Idan amsar a'a ce, ka haƙura da zuciya ɗaya, babu amanar da ta wajabta maka sauraron abin da ba ya yi maka daɗi, sai dai kada ka hau Facebook kana yi musu tone-tone, kuma idan kun haɗu ka gaishe su da fuska a sake. Sannan ka tuna cewa a daren yau ma akwai wasu samari a Kakuri ko Badarawa ko Hayin Banki da suke jiran a kawo wuta su ɗauki murya. Kunnen da ya gano na farko tun babu wanda ya san su yana nan tare da kai, ka je ka nemo su, amma a wannan karon ka biya kuɗin ƙofa, ka yi liƙi ko da kaɗan ne, kuma idan suna sayar da waƙarsu ka saya kafin ka tura wa kowa.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Mu uku ne muke waƙa tare, ni da ƙawata da yayanta wanda yake haɗa mana kiɗa, kuma shekara huɗu ke nan muna sa waƙoƙinmu a Audiomack da WhatsApp. Kwanan nan wani kamfani ya neme mu, ya kawo takardar yarjejeniya da alkawarin kuɗi masu kauri tun kafin mu fara aiki. Da labarin ya fita, sai wasu daga cikin masoyanmu na farko suka fara rubuto mana cewa za mu sayar da kanmu, har wata ta ce ta goge waƙoƙinmu daga wayarta. Maganar ta tsaya mini a rai, domin su ne suka riƙe mu lokacin da babu kowa. Mu sa hannu ko mu bari?

'Yarka, daga Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA

'Yata, Allah ya sa albarka a cikin abin da ya zo muku. Ki karanta amsar da na ba ɗan'uwanki na Tudun Wada, za ki ga cewa wadda ta goge waƙoƙinku tsoron rasa ku ne ya sa ta, kuma wanda bai damu da ku ba ba zai ɓata lokacinsa ya rubuto muku ba. Ku amsa musu da girmamawa, ku gaya musu gaskiyar halin da kuke ciki, amma kada tsoron fushinsu ya zama shi ne zai yanke muku shawara, domin wasu za su tafi ko kun sa hannu ko ba ku sa ba. Abin da ya fi cancantar ya hana ki barci shi ne abin da ke rubuce a cikin takardar.

Kuɗin da ake bayarwa tun farko, a mafi yawan irin wannan yarjejeniya, ba kyauta ba ne. Kamfani yana cire su ne daga kasonku na cinikin waƙa, sau da yawa tare da kuɗin situdiyo da na bidiyo da na talla, kuma ba za ku ƙara ganin komai ba sai ya gama fanshe abin da ya kashe. Ku tambaya a rubuce shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗauka da waƙa nawa ake bin ku, wa zai mallaki ainihin sautin da aka ɗauka, kuma ko mallakar za ta dawo hannunku bayan wani lokaci. Ku duba da kyau kada tsofaffin waƙoƙinku na shekara huɗun nan su shiga ciki ba da saninku ba, haka ma sunan ƙungiyarku da tasoshinku na intanet, domin akwai mawaƙan da suka rabu da kamfani suka tarar ba su da ikon amfani da sunan da aka san su da shi. Ku nemi a rubuta cewa ba za a tilasta muku waƙar siyasa ko tallar abin da ya saɓa wa addininku da tarbiyyarku ba, kuma yayan ƙawarki ya ci gaba da zama cikin masu haɗa kiɗan, tunda hannunsa yana cikin abin da mutane suka so a wajenku. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta cika ceton wanda ya miƙa haƙƙinsa da hannunsa a rubuce ba.

Saboda haka kada ku sa hannu a ranar da aka miƙo muku takardar, ko da an ce tayin na yau ne kaɗai. Ku karɓi kwafi ku tafi da shi gida, ku nuna wa iyayenku, sannan ku uku ku haɗa kuɗi ku kai wa lauyan da ku kuka nemo shi da kanku, ba wanda kamfanin ya haɗa ku da shi ba, ya karanta muku ita sakin layi bayan sakin layi, ya fassara muku da Hausa duk inda Turancin ya yi duhu. Idan kamfanin ya ƙi ba ku ko da mako guda don yin wannan, ku mayar masa da takardarsa.